Garajin da ya gano ƙarar motata bayan wata 2 ina yawo

Salamu alaikum jama'a. Na ce ma kaina in motar nan ta yi sati 3 ba ta sake ƙara ba zan yi bayanin garajin da anka gyara ta, to yau sati 4 ke nan, har Tasawa na tahi da kaya na dawo lahiya lau.

Carina E ce ta 1996, injin 1.6 wanda ake ce ma 4A-FE, da ita nike bin kasuwannin ƙauye. Bayan damina ta fara, in tana tsaye shiru ba ka jin komi, amma da na taka totur sai fat-fat-fat kamar babur mai fasasshiyar salansa, da safe ta hi tsanani, ga wani "gum" da nike ji ƙarƙashin ƙafata duk sanda na ɗaga daga giya ɗaya. Esansi kuma ta koma sha kamar raƙumi. Garajin farko sun canza buji 4, sunka yi bidanji (canjin baƙin mai), jikka 14 ta tahi, ƙara na nan. Da na koma sai anka ce wai ringi ne, wato zobban fistin da ke cikin inji, sai an sauke inji, in tanadi jikka 150. Ranar wallahi ban yi barci ba, don jarina ke nan gaba ɗaya.

Wana ne ya tura ni wurin wani dattijo a unguwar Zariya ta Maraɗi, ba allo ba suna, dogon yaro 2 ne da rami ɗaya da yara 4. Abin da ya fara burge ni, bai taɓa sufana ba. Ya ce "ɗana shiga ka ja mu", ya zauna gefena ya sauke gilashi, munka hau hanyar Ɗan Isa. Ya sa na taka, ya sa na saki, ya sa na fidda giya mota na gudu da kanta, nan take ƙarar ta ɗauke. Ya ce ka ji? in boris ɗin taya ne, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kai, da gugun na nan ko ka saki totur, don shi gudun taya yake bi ba wutar inji ba. Munka samu fili ya sa na karya sitiyari har ƙarshe ina zagayawa, ba ƙas-ƙas, ya ce kardan ma, wato sandar da ke kai ƙarhin inji ga taya, lahiyarshi lau. Na ce Baba to ringin fa? Ya ce motar da ringinta ya ci shuɗin hayaƙi take yi kuma tana shan baƙin mai, taka man nata na nan a ma'auni.

Sai ya ce in bar ta ta kwana, yana son inji da sanyi. Ban so ba don ranar kasuwa ce zan rasa, amma nan ne aikin yake. Da safe ya tada ta, yaro ya danna tsumma a bakin salansa na ɗan lokaci, shi kuma ya shafa ruwan omo a mahaɗar bututun hayaƙi kusa da inji, sai ga kumfa na tashi ɓul-ɓul. Ya haska min da tocila, wani baƙin layin kunkunniya siriri ya bi gefen ƙarfen, gasket, wato abin da ake sawa tsakanin ƙarfen biyu don ya toshe mahaɗar, ya ƙone, ƙusa ɗaya ta karye a ciki. Shi ya sa da safe ta hi ƙara, in ƙarfe ya ɗau zahi yana buɗewa ya ɗan toshe kafar. Shan esansin kuma, akwai sensa a bututun da ke auna iskar cikin hayaƙi, in iska na shiga ta kafar sai ya ɗauka mai ya yi kaɗan, kwamfutar mota ta yi ta ƙarawa.

Wani da nan zai tsaya. Shi sai ya sa na ja birkin hannu na taka birki, na sa giya na ɗan saki kuloci, da idona na ga inji ya yi tsalle ya koma. Robar da ke riƙe inji ta baya ta tsage gida biyu, ita ce "gum" ɗin nan, kuma ita ke sa inji ya fizgi bututu duk sanda na ba ta wuta. Ya ce in mun sa sabon gasket mun bar robar, kafin wata damina ka dawo.

Ya min faɗa sosai da ya ji ina ɗaukar yara gilashi a ruhe, don hayaƙin na biyowa cikin mota kuma gubar da ke ciki ba ta da wari ba ta da launi, sai dai ciwon kai da jin barci. Na tuna ciwon kan da nike dawowa da shi daga Dakoro, jikina ya yi sanyi.

Kuɗɗi: gasket da ƙusoshi jikka 6, roba ta hannu jikka 9, aikinshi jikka 7 har da haƙo ƙusar da ta karye, wadda ta ci mishi kusan awa 2. Duka jikka 22. Ya miƙo min tsofaffin kayan a leda ban tambaya ba.

Inda ban ji daɗi ba, jira. Mutum ɗaya ne ke sauraren mota, yaran kwancewa kawai suke, in ka iske motoci 5 to ka yini. Kaya kuma kai za ka hau kabu-kabu ka sawo, sau 2 na je don robar farko ba ta hau ba. Ba ya taɓa aikin wayoyin lantarkin mota, kuma ba shi da na'urar da ake jonawa a sabbin motoci, ya faɗa min da bakinshi masu irin waɗannan wani wuri yake tura su.

Amma mai tsohuwar Toyota ko Peugeot da ke ƙara in an taka, kafin ka yarda a sauke maka inji kai mishi ya ji. Ka je bayan asuba, kuma ka shirya barin ta ta kwana.