Kifi shida lokaci guda ko bibbiyu? Amsa ga ɗan'uwanmu na Agege

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko ka zuba kifin ado na teku guda shida lokaci guda a sabon tankinka, ko kuwa bibbiyu. Bibbiyu za ka zuba. Kada ka biye wa mai shagon da ya ce zai yi maka ragi idan ka kwashi shida yau. Tankin ruwan gishiri mai lita 200 da sati uku kacal da haɗawa, ko biyun ma sai ka auna ruwan tukuna.

Da yawa cikinmu da tarwada muka fara kiwo, shi ya sa muke ɗauka kifi kifi ne. Tarwada tana leƙowa sama ta shaƙi iska, tana jure ƙazantar da za ta kashe kifin teku a kwana ɗaya. Kifi yana fitar da wani sinadari mai dafi da ake kira amoniya ta numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe amoniya yake komawa. Masu kwashe ta wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune a jikin duwatsu da yashi da soson filta. Wasu su mai da ita nitirayit, wasu su mai da nitirayit ɗin nitiret, wanda shi ne mai sauƙin illa, kuma canjin ruwa ke rage shi. Kafin su kafu a sabon tanki ana ɗaukar sati 4 zuwa 6, kuma ba sa yaɗuwa sai daidai ƙazantar da suke samu. Ka san kwatar layinku da damina: yayyafi ta shanye, in aka sheƙa da ruwa sai ta tumbatsa har cikin ɗakuna. Ga kuma ƙarin matsala, ruwan teku yana tsayawa ne a 8.1 zuwa 8.4 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, a nan kuwa dafin amoniya ya fi ƙarfi.

Nawa tankin lita 250 ne, yana falona a Idi-Araba shekara huɗu ke nan. Da kilawun (clownfish) biyu na fara shi, ƙananan kifaye masu ruwan lemo da fararen ɗamara uku ɗin nan, waɗanda aka ƙyanƙyashe a gona ba kamun teku ba. Ko tsawon ɗan yatsana ba su kai ba. Wata guda cur su kaɗai ne a ciki, har baƙi na tambaya ina sauran. Amma a wannan watan na san halinsu sarai, na san kusurwar da suke kwana, na san wanda ke fara zuwa in na ɗaga murfi. Bayan wasu watanni ɗaya ta fi ɗayan girma, ashe ita ce ta zama mace, don kilawun ƙarami ba ya tashi a mace, wanda ya rinjaya shi ke juyawa. 'Yata ƙarama ce ke ba su abinci da safe kafin ta tafi makaranta, macen har yatsarta take tsakura. Bara suka yi ƙwai a gindin dutse, namijin ya tsaya yana yi musu fifita da fikafikansa dare da rana. Wallahi na fi awa ina tsugune ina kallo.

Bayansu na kawo kifin gobi mai tonon yashi, na sake jira, na kawo na gaba. Kowane sabon kifi sai ya yi sati huɗu a wani ɗan tanki mai lita 40 da na ajiye a lungu, babu yashi, sai guntayen bututun roba da zai ɓuya. Wannan ɗan tankin ya taɓa cetona. Wani kifi da na saya garau, a rana ta tara sai ga fararen ɗigo a jikinsa kamar an barbaɗa gishiri, yana goga jiki da bututu. A nan na yi masa maganin mai sinadarin tagulla har ya warke. Da a babban tanki na sake shi, maganin ba ya shiga can, don yana kashe jatan lande da murjani, duwatsu kuma su shanye shi. Dole sai an kwashe kifayen duka, a bar tankin babu kifi kimanin kwana 76 kafin ƙwayar cutar ta mutu da yunwa. In shida ka zuba tare, ɗaya mai cuta ya isa, kuma ba za ka ma gane wanda ya kawo ta ba.

Sai maganar wuta, wadda turawan da kake kallo a YouTube ba sa lissafawa. An ɗauke wuta, famfo ya tsaya, iskar da ke cikin ruwa ta fara ƙarewa. Ruwan gishiri dama bai kai ruwan daɗi riƙe iska ba, in ya ɗumama kuma abin ya ƙara raguwa. Kifayen nan digiri 24 zuwa 27 suke so, ka kuwa san zafin Legas a watan Maris. Akwai daren da inbata, na'urar da ke ba da wuta daga batir, ta mutu mini wajen ƙarfe biyu, ɗan famfon iska mai batir ne ya riƙe kifi huɗu har asuba. Shida sababbi, masu haki saboda wahalar hanya, ban ga yadda za su kai ba.

Zuba su lokaci guda yana da amfani ɗaya, ba zan ɓoye ba: kifaye masu faɗan wuri irin su tang, in suka shiga tare babu wanda ya riga ya kafa iko. Amma wannan na mai babban tanki ne wanda ya daɗe da kafuwa, kuma ya riga ya killace su. Ni na gwada a tankina na farko da kifi biyar, cikin kwana goma saura ɗaya. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu masu sayarwa. Yawancin kifin nan daga Indonesiya da Filifin ake ɗauko su a jirgi, sun yi kwana ɗaya ko biyu a leda kafin su sauka Ikeja. Mai son kuɗinka zai ce “yau suka iso”, kamar abin yabo ne. Wanda ya iso yau shi ne bai kamata ka taɓa ba. Ka ba da kafin alƙalami, ka ce a ajiye maka sati guda, ranar ɗauka kuma a ba shi abinci a gabanka. In bai ci ba ka bar shi. A waɗancan ƙasashe har yanzu akwai masu kama kifi da gubar sayanayid, kifin ya zo da launi mai ɗaukar ido, bayan 'yan makonni ya mutu ba dalili. Za a nuna maka kifin damsel shuɗi mai araha a ce ba ya faɗa, alhali in ya riƙe dutse ba mai wucewa ta gabansa. Za a nuna maka jaririn tang shuɗi a ce tankinka ya ishe shi, kifin da ke kai kusan santimita 30. Wanda kuma ya kawo maka jarka ya ce ruwan teku ne, tambaye shi inda ya ɗebo. Ruwan lagun, wato tafkin Legas, gauraye yake da na koguna da dattin gari. Gishirin tanki na musamman za ka haɗa da tataccen ruwa, ma'aunin gishirin ya tsaya wajen 1.025. Ka auna na cikin ledar da aka ba ka kifin ma, don wasu shaguna suna rage gishiri a tankunansu, in ka juye kifin kai tsaye sai ya jigata. Ka riƙa ɗiga masa ruwanka kaɗan-kaɗan a bokiti, sannan ka ɗauke shi da raga, ruwan shago kada ya shiga naka. In daga tsibirin Legas za ka ɗauko, sa ledar a kula, cunkoson Gada ta Uku ba ya tausayin kifi.

Don haka ka ƙara sati biyu ko uku. In gwaji ya nuna amoniya sifili, nitirayit sifili, sayi kilawun biyu 'yan gona. Kuɗin sauran huɗun ka sayi ƙaramin tankin killacewa da famfon iska mai batir. Tsakanin kowane sabon kifi da na gaba ka bar aƙalla sati uku kana aunawa, damsel kuwa in dole sai ka sa shi, ya zama na ƙarshe. Ka turo mana hoton gwajin ruwan a nan kafin ka je shagon.