GrenzInfoPunkt: ofishin 'yan aikin tsallaken iyaka tsakanin Jamus da Holan, a je ko kar a je?

A je. Musamman in shekaru sun fara ja kuma kana tunanin zama a ƙasa ɗaya kana aiki a ɗayar. Amma fa kar ka je da niyyar za su samo maka aiki, ba shi suke yi ba, nasu shawara ce kan haraji da inshora da fansho, kuma kyauta ne, ko sisi ba a karɓa.

Ofisoshin a jere suke a bakin iyaka, akwai a Aachen, Mönchengladbach, Kleve, Gronau, ga kuma Maastricht ta ɓangaren Holan. Akwai ma wanda ke cikin ginin Eurode tsakanin Herzogenrath da Kerkrade, iyakar ta ratsa ta cikin ginin ne. Sai ka kama lokaci tukuna, ba a faɗa musu haka kawai.

Ni a Jamus nake zaune, na haura hamsin, baya ya fara ƙorafi da ɗaukar kaya a sito, shi ne na fara leƙen aiki mai ɗan sauƙi a tsallake. Abin da ke ci min rai kuwa fansho ne, kar mutum ya raba shekarunsa gida biyu ya tashi a tutar babu. Matar da ta saurare ni ta jawo farar takarda ta ja layi a tsakiya, Jamus a hagu Holan a dama, ta bi da ni ɗaya bayan ɗaya, kuma gaskiya don wannan takardar kaɗai zuwan ya biya.

Ga yadda abin yake. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 883 ta 2004 ta ce shekarun da ka yi aiki a ƙasashen ba sa ɓacewa, ana haɗa su wajen lissafin ko ka cancanta, sannan kowace ƙasa ta biya ka nata kason. Jamus na neman aƙalla shekara 5 kafin ka samu fansho, kuma shekarun Holan na shiga lissafin. Holan kuma nata fanshon gwamnati, AOW, kashi 2 cikin ɗari ake tara maka duk shekarar da kake cikin tsarin, shekara 50 ke cika shi, hukumar SVB ke biya, ban da na kamfani da yawancin ma'aikata ke da shi daban. To inda gizo ke saƙar shi ne lokacin karɓa. A Jamus in kana da shekara 35 na biya za ka iya ajiye aiki kana 63, a rage maka kashi 0.3 kan kowane watan da ya saura kafin ainihin lokacin ritayarka, wato ga wanda aka haifa daga 1964 kashi 14.4 ke nan kuma ragin har ƙarshen rai ne, amma AOW ba a karɓarsa da wuri ko kai wane ne, sai ka kai 67, daga 2028 ma 67 da wata uku. Ka ga wanda ya yi rabin ƙarfinsa a Holan ya yi ritaya a 63, aƙalla shekara huɗu zai yi yana lallaɓawa da guntun kuɗin Jamus ba tare da AOW ba. Mutane nawa suka san wannan kafin su sa hannu a takardar aiki?

Maganar asibiti ba ta ɗau lokaci ba, in a Holan kake aiki can za ka yi inshorar lafiya, su ba ka fom ɗin S1 ka kai wa ta Jamus ka ci gaba da ganin likitanka. In aikin ya ƙare gaba ɗaya kuwa ƙasar da kake zaune ce ke biyan kuɗin rashin aiki, sai ka karɓo U1, takardar shaidar lokacin da ka yi aiki, daga UWV, hukumar inshorar ma'aikata ta Holan. Masu aikin kwamfuta daga gida su ma akwai yarjejeniyar da ta fara 1 ga Yulin 2023, in aikin gidan bai kai rabi ba za ka iya zama a tsarin inshora da fansho na ƙasar kamfaninka, amma sai an nema.

Neman aikin kansa sai dai EURES, tsarin Tarayyar da ke nan tun 1994 a ƙasashe 31. Guraben aiki kam rututu, jinya, tuƙi, gini, don tsofaffin hannu na ta ritaya matasa kuma ba su isa cike gurbi ba. Sai dai bakin kamfanoni daban, aikinsu daban. Tun 2000 dokar Turai ta hana wariya saboda shekaru a wurin aiki, amma wani kamfani da na je, saurayin da ya yi min intabiyu ya kalli shekarar haihuwata a CV ya kalli furfurata, sai ya fara zancen wai aikin na son masu zafin nama. Ban ƙara jin ɗuriyarsu ba. Wannan kam ba abin da ofishin shawara zai iya yi a kai.

Sannan 'yan uwa, ku kula da batun fasfo. Walwalar aiki ko'ina ta 'yan ƙasashen Tarayyar ce. In takardar zaman Jamus gare ka, ko da ta dindindin ce, ba ta ba ka damar aiki a Holan kai tsaye, galibi sai kamfanin ya nema maka izini daga UWV, kuma ba kowa ke son wannan wahalar ba. Haɗa shekarun fansho dai ya shafe ka tunda zamanka halastacce ne.

In za ka je, ɗauki takardar lissafin fansho da hukumar fanshon Jamus, Deutsche Rentenversicherung, ke aiko maka duk shekara, da kwafin takardar aikin da aka yi maka tayi, kuma ka je kafin ka sa hannu ba bayan ba. In Jamusancinka ko Holancinka bai nuna ba tafi da wanda ya iya, don kalmomin haraji ko 'yan ƙasar sai sun nemi a maimaita musu.