Littafi goma a wata, ko ɗaya a wata uku?

Mai karatun gaggawa yakan cinye littafi goma a wata. Ribarsa, yana gane wanda ya cancanci a koma masa. Amma tambaye shi bayan sati biyu, sai kame-kame.

Ɗaya hanyar irin ta makarantun zaure ce a Maradi, inda ba a kama littafin fiƙihu na Ishmawi sai an sauke na Ahalari. Shafi biyu a rana, fensir a hannu. A rufe littafin, a faɗi ma'anar da baki; inda harshe ya sarƙe, nan ne ba a gane ba. Sannan a gwada abu ɗaya cikin satin: in babin lissafin ciniki ne, ɗan kasuwa ya ware uwar kuɗi daga riba a kundinsa tun daren. Illarta, in littafin fanko ne, wata uku sun tafi a banza.