GARGAƊI: Mai tallar "nano kurkumin" na ciwon hanta ɗan damfara ne

Jama'a, akwai wani mutum mai kiran kansa Dakta da ke yawo a Facebook da WhatsApp yana tallar kafson "nano kurkumin", wai yana narkar da tabon hanta, yana buɗe hanyoyin maɗaci. Ƙarya yake. Albashina na wata biyu cur ya ci, a kan kwalaba shida. Wata biyu!

Baba ne ba lafiya. Hanyoyin da ruwan maɗaci ke bi daga hantarsa suna kumbura suna tsukewa, ruwan yana taruwa yana cin hantar, har ta fara tabo tana tauri. Idonsa ya yi rawaya, ƙaiƙayi ya hana shi barci, ƙwaurinsa duk sawun farce. Likitoci ba su ɓoye mana ba: babu ƙwayar da ke warkar da wannan cuta, sai dai kulawa, in ta yi tsanani a fara maganar dashen hanta. Wanda ba a taɓa gaya wa haka a kan mahaifinsa ba, kada ya zo nan ya kira ni wawa.

Kuma ni ba ido rufe na tura kuɗi ba. Na yi wa mai tallar tambayoyi, ya amsa. Ya ce kurkumin shi ne sinadarin da ke sa kurkum launin rawaya, ba ya narkewa a ruwa, hanji kaɗan yake tsotsa, kaɗan ɗin ma hanta ta yi maza ta fitar da shi, shi ya sa ake naɗe shi cikin ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, wato "nano", don ya shiga jini. Na bincika, duk gaskiya ne. Ya turo min takardar bincike ta Jami'ar Khon Kaen a ƙasar Tailan, da hotunan hanta kafin magani da bayansa. Sannan ga saƙon muryar nan, a hankali, cikin ladabi: "Alhaji, wannan ba jiƙe-jiƙe ba ne, kimiyya ce. Wallahi da Babana ne, yau zan fara ba shi." Har yanzu muryar tana kunnena. Da Babana ne. A wannan kalmar na tura.

Sai da ƙanwata mai karatun haɗa magunguna ta zauna ta karanta takardar layi-layi. Binciken na gaske ne, amma a kan wasu ɓeraye da ake kira hamsta aka yi shi, waɗanda aka sa wa tsutsar hanta irin wadda mutanen can ke ɗauka daga cin ɗanyen kifi, kuma tare da maganin tsutsa praziquantel aka ba su. Hotunan da na yi ta nuna wa dangi ina murna, hantar ɓera ce. Baba ba shi da tsutsa! Ita ce kuma ta nuna min cewa asibitin Mayo na Amurka ya gwada kurkumin a kan mutum 15 masu irin cutar Baba na mako 12, aka wallafa a 2019, ba a ga wani sauyin kirki a gwajin jininsu ba. Wannan takardar bai turo min ita ba.

Af, kafin wannan ma, maganar kuɗin. Kwalaba uku na fara saye. Daga baya ya ce irin tabon Baba sai an ninka, kuma kaya na gab da ƙarewa, na ƙara uku. Karo na biyun asusu daban ya ba ni, da sunan wata mace, wai akawun kamfani ce. Ko na farkon ne mai sunan macen? Zan duba rasit. Kwalaba shida dai, albashin wata biyu. Kwalaben ba adireshin kamfani, ba lambar rajista, takardar jiki a karkace aka manna ta. Na ɓare kafso ɗaya a tafin hannuna, gari ne rawaya mai ƙamshin kurkum ɗin girki, ya rina min yatsa. Ina nano ɗin yake?

Abin da ya fi ƙona min rai ba kuɗin ba ne kaɗai. Da muka koma gwajin jini, lambobin da ke nuna raunin hantar Baba sun haura, fitsarinsa ya ƙara duhu. Likita ya ce, "Me kuke ba shi bayan nawa?" Na ciro kwalabar, ya juya ta, ya ce a daina yau. Ya ce kurkum yana matsa maɗaciya, don haka ake gargaɗin masu toshewar hanyar maɗaci a kansa, kuma nau'o'in da aka ƙara wa ƙarfin shiga jini, irin na nano ko wanda aka haɗa da sinadarin masoro, su aka fi zargi da raunata hanta. A Italiya an samu mutum fiye da 20 da kumburin hanta a 2019 bayan shan irin waɗannan kafso. Hukumar magunguna ta Ostareliya ta fitar da gargaɗi a 2023. A Amurka an tattara mutum 10 da kurkum ya raunata wa hanta, ɗaya ya mutu. Wato abin da aka sayar min a matsayin maganin hanta, shi aka fi tsoro ga mai ciwon hanta.

Na kira mai tallar jikina na rawa. Kun san me ya ce? "Alhaji, alamar warkewa ce, guba ce ke fita, kada ku tsaya." Na ce ya dawo min da kuɗina. Ya ce zai yi magana da manaja. Washegari hoton fuskarsa ya ɓace, ya toshe ni ko'ina, shafin ya canza suna yana tallar maganin ƙoda.

Mai ciwon hanta kada ya sha komai sai likitansa ya gani. In an turo muku takarda, ku duba a kan wa aka gwada.

Hotunan hirarmu, rasit biyun, saƙon muryar da hoton kwalaben duk suna wayata, zan ɗora su anjima in na rufe sunan Baba a takardar gwajin. Duk wanda ya tura kuɗi a asusun matar nan ya yi min magana, ƙara zan kai.