Littafin dodannin duniyar matsafa: wanne za ka saya wa yaronka, kuma yaya za ka kauce wa jabu

'Yata ta gama karanta littattafan Harry Potter guda uku, sai ta tasa ni gaba da tambaya a kan halittun da ke ciki: me wannan yake ci, a ina wancan yake zama, wanne ya fi haɗari. Na ce bari in nemo mata littafin da ya tattara su wuri ɗaya. Sau biyu kuɗina suna tafiya a banza kafin in dace, shi ya sa nake rubuta wannan don wanda bai riga ya biya ba.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne, littattafai biyu ne masu suna iri ɗaya, Fantastic Beasts and Where to Find Them, kuma abin da ke cikinsu ya sha bamban. Ɗaya shi ne kundin halittun, wanda J.K. Rowling ta rubuta a 2001 da sunan wani masani na cikin labarin, Newt Scamander, don tara wa ƙungiyar agaji ta Comic Relief kuɗi. Ɗayan kuwa rubutun fim ɗin 2016 ne, maganganun 'yan wasa kawai da bayanin fita-fita. A bangonsa akwai The Original Screenplay. Shi na fara saya bisa kuskure. Yarinyar ta buɗe, ta juya shafi huɗu, ta ɗago ta ce, "Baba, ina dodannin?" Har yanzu yana kan kantar littattafai, babu wanda ya sake taɓa shi.

Shi kansa kundin kashi uku ne. Bugun 2001 ɗan siriri ne, an yi shi kamar littafin makarantar Harry, har da 'yan rubuce-rubucen hannu nasa da na abokinsa Ron a gefen shafi. Yana da daɗi, amma zanensa kaɗan ne. Bugun 2017 na rubutu ya ƙara halittu 6 na nahiyar Amurka, ciki har da Thunderbird, sai dai shi ma karatu ya fi yawa.

Na ukun shi ne nawa, kuma ba zan ɓoye ba: bugu mai zane na Olivia Lomenech Gill, wanda kamfanin Bloomsbury ya fitar a ƙarshen 2017. Babba ne, mai bango mai tauri, irin wanda yara biyu za su kwanta rub da ciki a kan tabarma su buɗe shi a gabansu. Matar ta zana halittun kamar wadda ta je daji ta zauna ta kalle su, gashi da ɓawo da farata duk a fili, ba irin zanen katun mai sheƙi ba. Halittun a jere suke bisa haruffa, kowacce da alamar haɗarinta daga X ɗaya zuwa X biyar. Mai X ɗaya ba ta da wani abin tsoro. Mai biyar takan kashe matsafi, kuma ba ta horuwa. Wannan alamar kaɗai ta isa ta riƙe yara awa guda suna musu.

Abin da ya fi kama ni shi ne halittun da aka ce daga Afirka suke. Akwai Nundu, wata ƙatuwar damisa ta gabashin Afirka wadda numfashinta ke ɗauke da cutar da za ta iya share ƙauye, kuma ba a taɓa cin ƙarfinta da ƙasa da matsafa ɗari ba. Akwai Fwooper, tsuntsun da waƙarsa ke haukata mai saurare. Sai Runespoor, maciji mai kai uku da littafin ya ce daga Burkina Faso yake. Kai ɗaya ke tsara abin da za a yi, na tsakiya mafarki kawai yake yi, na ukun kuma aikinsa kushe sauran biyun, har sukan haɗa baki su cije shi ya fita. Da na karanta wa yaran wannan, kakarsu da ke gefe ta ce ai wannan tatsuniya ce tsaf, saura a ce ƙurunƙus. Haka nake gabatar musu da shi kuwa: labarin ƙirƙira ne irin na Gizo da Ƙoƙi da Dodo, ba abin yarda ba, kuma tsafi na gaske abin gudu ne. Ina ganin duk uban da zai kawo irin wannan littafi gida ya kamata ya yi wannan maganar da bakinsa.

Sauran zaɓin ba za su ɗauke mu lokaci ba. Monster Manual na wasan Dungeons & Dragons, wanda ya fara fitowa a 1977, cike yake da lissafin wasa, kuma in ba wasan ake yi a gidanku ba, asara ce. Kundin halittun ƙirƙira na Jorge Luis Borges, marubucin Ajantina, na manya ne masu son adabi.

Yanzu maganar jabu, wadda ita ce ta fi ƙona mini rai. Karo na biyu na yi oda a wurin wani mai talla a intanet. Hoton da ya saka na asali ne, farashin kuma ya yi ƙasa sosai, ni kuma na yi murna maimakon in yi shakka. Abin da ɗan aike ya kawo hoto aka ɗauka na littafin aka sake bugawa. Takardar shara-shara, kana hango rubutun bayan shafi. Launin ya dushe, zanen dodon da ya ratsa shafi biyu ya rabu, fukafukin hagu yana sama, na dama yana ƙasa. Kwana uku gam ɗin ya saki, shafuka suka fara zubowa. Na kira lambar, a kashe.

Littafin rubutu zalla ko jabu ne za ka iya karanta shi da haƙuri. Littafin zane kuwa, zanen ka saya, in ya lalace ba abin da ya rage. Don haka kada ka yarda da hoton bango. Ka ce mai sayarwa ya ɗauko bidiyo yana juya shafukan da hannunsa, ka ga tsakiyar littafin inda shafi biyu suka haɗu. Ka duba sunan Olivia Lomenech Gill a bango, ka duba sunan Bloomsbury, ko Scholastic in bugun Amurka ne. Ka sa ya karanto maka lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, da ke baya, ka bincika ta a shafin kamfanin, ko da yake masu jabu su ma suna kwafe lambar, saboda haka ita kaɗai ba ta wadatar ba. Nauyi ma shaida ne: na asali yana cika hannu, takardarsa mai kauri. In da hali, kada ka tura kuɗi sai kaya sun iso ka buɗe a gaban ɗan aike. Masu tallan kwafin waya a WhatsApp kuwa, kayan sata suke sayarwa, ga shi wani kaso na kuɗin littafin asali yana zuwa ga Comic Relief da Lumos, masu taimakon yara.

In kuɗin sabo ya yi maka yawa, nemi na hannu a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai. Wanda muke da shi yanzu haka na same shi, kusurwar bangon ta ɗan lanƙwashe, akwai sunan wani yaro da aka goge a shafin farko, amma ko shafi ɗaya bai ɓata ba.