TAC ko aikin sa-kai a Jamus? Amsa ga ɗan uwanmu nas

Salam jama'a. Ɗan uwa ka ce kai nas ne, shekararka 31, da mata da yara biyu, kana son fita aikin sa-kai amma ka rasa wanne za ka nema tsakanin TAC (Technical Aid Corps, shirin tura ƙwararru su taimaka a wasu ƙasashe) ta gwamnatin Najeriya da irin na Jamus ɗin nan da ake ta tallatawa a TikTok, kuma babban abin da ke damunka shi ne ko za ka iya riƙe gida daga can. To bari in faɗa maka gaskiya tsakani da Allah.

TAC dai tun 1987 aka kafa ta zamanin Babangida, tana ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje, ana tura likitoci da nas-nas da malaman makaranta da injiniyoyi ƙasashen Afirka da Karebiyan da yankin Pasifik, irin su Gambiya, Uganda, Saliyo, Jamaika har Fiji, na shekara 2. Najeriya ce ke biyan alawus, ƙasar da ka je ita ke ba ka masauki. Abin da na fi so a nan, da sana'arka za ka je, nas ka tafi nas za ka yi aiki, ba wanda zai maida ka ɗan koyo.

Na Jamus kuma manyan iri biyu ne, FSJ (shekarar aikin sa-kai ta matasa) da BFD (aikin sa-kai na gwamnatin tarayyar Jamus). FSJ sai wanda bai kai 27 ba, kaga kai ta wuce ka, saura BFD da aka fara a 2011, ita ba ruwanta da yawan shekaru. Yawanci shekara 1 ne, a gidan tsofaffi ko asibiti ko wurin kula da naƙasassu, kuma dan Allah ka riƙe wannan da kyau, abin da suke bayarwa ba albashi ba ne, kuɗin kashewa ne kawai. Doka ma ta sa masa iyaka, a 2024 bai wuce Yuro 604 a wata ba, kuma wurare da yawa ba sa kai haka. Inshorar lafiya su ke biya, wannan kam alheri ne. Ɗaki da abinci kuwa ya danganta da wurin, wasu su ba ka ɗaki, wasu su ɗan ƙara maka wani abu su ce je ka nema, kuma neman ɗaki a gari irin Munich ko Frankfurt da wannan ɗan kuɗin wahala ce zalla. Ga tikitin bas da jirgin ƙasa na wata da ya kai Yuro 58 a 2025, ga kuɗin waya, ga rigunan sanyi, ga naman halal da sai ka nemi shagon Turkawa, tun kafin ka tashi ma ka kashe kuɗin koyon Jamusanci da biza, tikitin jirgi kuma galibi daga aljihunka.

Inda abin ya fi ciwo shi ne gida. Da an ji ka sauka Turai shikenan, kowa zai ɗauko waya ya buga kuɗin kashewar nan, a ce Yuro 400, da canjin yau, tunda Naira ta faɗi bayan 2023 lissafin sai ya fito dubu ɗaruruwa, sai a ɗauka ka yi kuɗi. Ba wanda zai lissafa abin da kake ci da shi a can. Kuɗin makarantar yara, haya, maganin Hajiya, bikin ƙanwa, duk kai za a kira, in ka ce babu a ce ka canza hali. Wallahi wannan nauyin ya fi sanyi da duhun ƙarfe huɗu na yamma a Disamba cin rai. Kuma kar ka dogara da cewa za ka yi wani aiki a gefe ka cike giɓi, bizar ta aikin da ka zo yi ce.

Da TAC kuwa, a Gambiya misali rayuwa ta fi kusa da tamu, mafi yawansu Musulmi ne, za ka ji kiran sallah, Turanci ake aiki da shi, shinkafa da kifi da miyar gyaɗa ba za su zame maka baƙi ba, kasuwar Serekunda kuma ka yi ciniki kamar a gida. Tunda ba ka biyan haya, in ka kama hannunka akwai abin turawa. Ba wai ba matsala ba, ba lallai ka samu ƙasar da ranka ke so ba, za a iya kai ka asibitin ƙauye da ƙarancin kayan aiki, kuma shekara 2 ba tare da iyali ba ba wasa ba ce.

Ni a ganina BFD ta fi dacewa da saurayi ko budurwa da ba kowa a wuyansu, su jure shekara guda su gyara harshe, daga nan su nemi horon aikin jinya na shekara 3 da ake biyan sama da Yuro 1,000 a wata. Kai mai iyali, TAC nake ba ka shawara. Amma kafin ka sa hannu ka tambaya a rubuce nawa ne alawus, da wane kuɗi ake biya, duk wata ne ko bayan wasu watanni, da kuma matsayin aikinka na yanzu da albashinsa in ka tafi. Sannan ka bar wa madam abin da zai riƙe su aƙalla wata uku, don farkon zuwa kafin ka buɗe asusu ka gane hanyar turo kuɗi yana ɗaukar lokaci. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.