Five-seveN: na harba ta, amma ban ba Alhaji shawarar saye ba

Ran Juma'a bayan la'asar muna shayi a ƙofar gidana a unguwar Lazare ta Yamai, sai wani aminina Alhaji, ɗan kasuwar albasa, mai zirga-zirga tsakanin Galmi da Yamai, ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Ajidan, duba mini wannan. An ce harsashi 20 take ci, ba ta shuri, ba ta da nauyi. In takardata ta fito ita nake so."

Ina ganin hoton na gane ta. Five-seveN ce, bindigar hannu, wato pistole, ƙirar kamfanin FN na Herstal a Beljiyam. Lokacin ina cikin kaki an tura mu horo waje, a can na yi kwana biyu ina harba ta a filin gwaji. Don haka abin da zan faɗa hannuna ne ya taɓa.

Gaskiya ɗaya ce, tana da daɗin harbi. Ranar farko da na ɗauke ta na zaci babu harsashi a ciki, don ko da an cika ta ba ta kai giram 800 ba. Roba ce ta lulluɓe kusan ko'ina, har saman da ke ja da baya. Harsashinta milimita 5.7x28 ne, siriri, mai wuya kamar kwalba, kamar an ƙanƙanta na babbar bindiga. Kan irin na soja giram 2 ne kacal, inda na 9mm da muka saba yake wajen giram 8, amma yana fita da gudun da ya kai mita 650 a daƙiƙa, alhali 9mm bai cika wuce 400 ba. Shi ya sa bakin bindigar ba ya tashi sama. Ka harba, ka sake harbawa, idonka na kan saiti. Mu da muka girma da tsofaffin pistole masu girgiza wuyan hannu, abin ya ba mu mamaki. A mita 50 ina samun allo ba tare da wani kai-komo ba.

To amma Alhaji ba filin gwaji zai je da ita ba. So yake ya ɓoye ta a jiki ya hau mota da kuɗin albasa.

Tsawonta santimita 21 ne saura kaɗan. Kuma da yake harsashin dogo ne, mariƙin ya yi faɗi daga gaba zuwa baya. Mai ƙaramin hannu sai ya yi ta gyara riƙo. A ƙarƙashin babbar riga za ta ɓuya, na yarda. Amma wa ke saka babbar riga a watan Afrilu kan hanyar Dogon Dutsi? Da ƴar shara ko jallabiya, kana sunkuyawa alwala kowa ya ga gindin mariƙi ya turo. Sannan ka yi awa bakwai zaune a mota wannan abu na tokarin ƙugunka, wallahi kafin Dosso ka cire ta ka cusa a jaka, kuma bindigar da ke jaka ta zama kaya kawai. Makullin tsaronta ma a saman kunama yake, da ɗan yatsan nuni ake taɓa shi, ba da babban yatsa ba. Wanda ya saba da wata sai ya sake koyo daga farko.

Ga ƙara. Kaifi ne da ita kamar bulala, da wuta a baki. A cikin ɗaki ko cikin mota, ba toshin kunne, ban so in kwatanta.

Alhaji ya ce ai an ce tana huda rigar sulke. Na ce masa harsashin da ke yin haka, SS190, sojoji da ƴan sanda kawai FN ke sayar wa. Asalin abin ma don NATO aka yi shi, tare da P90, wata bindigar FN mai sarrafa kanta, a wajajen 1990, pistole ɗin ta biyo baya a 1998, farar hula a Amurka ba su fara samunta ba sai 2004, da harsashi na daban. Shi wannan na farar hula ƙaramin rami yake yi, kuma har yau masu harkar suna gardama ko yana tsayar da mutum kamar 9mm mai kyau. Ni dai ban ga abin da zai sa in bar 9mm saboda shi ba.

Inda maganar ta mutu shi ne harsashi. A Amurka ita kanta bindigar ta haura dala 1000, kamfanin Ruger ya fitar da tasa mai rahusa a ƙarshen 2019, amma harsashin ya fi na 9mm tsada nesa. A nan kuwa, duk shekarun da na yi a aiki ban taɓa ganin akwatinsa a ma'ajiyarmu ba. Wanda ba ya samun harsashi ba ya atisaye, wanda ba ya atisaye kuma ranar tashin hankali hannunsa rawa zai yi, ko harsashi 20 ne a ciki ko 100.

Na kuma tuna masa, tunda abokina ne kuma na san gaggawarsa: ba a riƙe bindiga a ƙasar nan sai da izinin ma'aikatar cikin gida, kuma da yanayin tsaron da ake ciki, a kama ka a shinge da pistole ba takarda, albasar shekara ba za ta fitar da kai ba. Na ce, "Alhaji, in izinin ya fito, nemi ƙaramar 9mm, kube mai kyau da ke rufe kunama, da akwatin ƙarfe mai makulli saboda yara. Kuɗin kuma ka daina ɗaurawa a ƙugu, ga wuraren aika kuɗi a kowace tasha."

Ya yi shiru, ya sake kallon hoton, ya ce amma dai tana da kyau. Na ce tana da kyau. Yaro ya zuba mana shayi na uku.